Rantsuwar Baban Bose

Lahadi, 22 ga Yuli 1979, da la'asar

Mun dawo daga sujada. Mijina ya bi ta bayan kasuwa, ni na bi ta titi. Na zo na tarar da shi zaune a kan turmi a tsakar gida da fararen kayansa, bai ma cire hula ba.

Ni na fassara. Gara in rubuta tun yanzu kafin in fara ce wa kaina wata ce. Shekara da shekaru nake tsayawa a hagun Baba Manzo Abimbola, yana wa'azi da Yarabanci ina juya wa matan Gwari da na Koro da Hausa, domin a Sabon Garin Zariya aka haife ni, da Hausa na koyi karatu. Yau ma na tsaya. Da ya kira sunan mijina, na ɗauka maganar gyaran rufin majami'a ce. Ya ce Bamidele ya miƙe. Ya miƙe. Baba ya ce wannan ɗan'uwa ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki a gaban kotu ranar Talata, ya rantse da Sunan da ya fi kowane suna, alhali an hana mu rantsuwa ko wace iri, an ce i ɗinmu ya tsaya i, a'a ɗinmu ya tsaya a'a. Daga yau ba shi da kujera a cikinmu, ba shi da Jibin Ubangiji, kada kowa ya yi masa gaisuwar salama, kada kowa ya ci abinci tare da shi, har sai ya tsaya a wurin nan ya faɗa da bakinsa cewa ya ambaci Sunan a banza.

Baba ya dakata yana jirana. Kowa yana jirana. Na juya, ban rage ko kalma ɗaya ba. Muryata ma ba ta yi rawa ba, abin da ke ba ni tsoro ke nan.

Da aka tashi na durƙusa a gaban Baba na ce, "Baba, har da ni?"

Ya ce, "'Yata Olufunke, ke ba 'yar ikilisiya ba ce? Ki dafa masa, ki wanke masa, ki girmama shi, mijinki ne. Amma kwano ɗaya, a'a."

Litinin, 23 ga Yuli, da magariba

Ya wanke hannu ya zauna yana jirana kamar kullum. Ya ce, "Maman Bose, ba ki zuwa?" Na ce na ƙoshi. Ya ce, "Kada ki ƙara ƙarya a kan abin da ke akwai. Ɗauki naki ki shiga ɗaki."

Na ɗauka na shiga. Ina jin ƙarar cokalinsa.

Talata, 24 ga Yuli, da safe

Ruwa tun asuba.

Alhamis, 26 ga Yuli, da azahar

Musulmi sun ɗauki azumi. Mairama ta shigo da yadi biyu a leda, na kayan sallar yaranta, su biyun suna biye da ita. Matar Datti direba ce, katanga ɗaya ce tsakaninmu a nan unguwar Magajiya, kuma ɗakunan da muke haya na mahaifin mijinta ne. Ta ce ta kawo da wuri don kada aiki ya yi mini yawa a keke. Ta ajiye ledar, sai kawai ta durƙusa a ƙasa, ta ce, "Maman Bose, ki yi mini godiya wurin Baban Bose. Lauya ya ce shaidarsa ce kaɗai abin da muke da shi. Abin da ɗan'uwa na jini bai yi ba ya yi."

Na ɗaga ta. Na auna ƙaramin, na auna babbar. Ban gaya mata komai ba.

Ga yadda abin yake, ko zan ga wani abu a cikinsa in na gan shi a rubuce. Kafin damina ta kankama wata motar katako ta buge wani tsoho a kan hanyar Kaduna, kusa da Sabon Wuse, ba ta tsaya ba. Tsohon bai kai asibiti ba. Mutum biyu suka ce motar Datti ce, sun gane ta da koren fenti. Aka kama shi, har yau yana tsare a Minna. Amma ran nan motar Datti tana garejin mijina, injinta a ƙasa a kan buhu, shi da hannunsa ya sauke. Ya dawo gida ran nan da baƙin mai har gwiwar hannu, ni na ba shi sabulu. Na sani gaskiya ya faɗa. Baba ma ya sani. Ba a kan wannan ake magana ba.

Juma'a, 27 ga Yuli, da yamma

Ba na rubuta Sunan a takarda. Sunan Mai Cetonmu nake nufi. Tun ranar da na sayi ƙosai a tasha aka naɗo mini a wata takardar wa'azi, na ga Sunan a tsakiya mai ya jiƙa shi, ban ƙara rubutawa ba. A majami'armu in za a ambace shi sai an durƙusa, takalma a waje. Ni ban taɓa jin wannan ya yi mini nauyi ba. Daɗi yake mini. Mutum ya sami abu ɗaya a duniya da hannu mai datti bai taɓa ba.

Shi kuma ya je ya faɗe shi a tsaye, da takalmi, a gaban ɗan sanda, a ɗakin da ake shigo da ɓarayi.

Mijina ne. Gaskiya ya faɗa.

Lahadi, 29 ga Yuli, da rana

Ƙarfen da ake bugawa a kira mu sujada mijina ne ya yi shi, daga tsohon wilin babbar mota. Da aka buga yau ya sa fararen kayansa ya bi ni a baya. Ya tsaya a ƙarƙashin mangwaron da ke ƙetaren hanya har aka gama. Ta taga nake hango shi ina fassara. Sau biyu Baba ya maimaita mini jimla.

Da aka fito mutane suka wuce shi kamar itacen ne kawai a wurin. Har mazan da ya gyara wa babur kyauta.

Laraba, 1 ga Agusta, da la'asar

Mun yi magana. Ban so ta zama faɗa ba.

Na ce, "Baban Bose, kalma nawa ce? Ka faɗa a wuce wurin."

Ya ce, "Wace kalma?"

Na ce, "Ka san ta."

Ya ce, "In ce a banza. To ran Datti banza ne? 'Ya'yansa da kike ɗinka wa riga banza ne? Na kira Ubangijina ya tsaya mini shaida a kan gaskiya. In ban kira shi a nan ba, a ina zan kira shi?"

Na ce na ji an ce wanda addininsa ya hana rantsuwa, kotu takan bar shi ya ɗaga hannu kawai ya yi alkawarin gaskiya. Na ɗauka bai sani ba. Ina so ya ce bai sani ba, in ruga in gaya wa Baba.

Ya ce, "Na sani. An tambaye ni. Na dubi alƙali, na dubi mutum biyun nan da suka riga suka rantse da nasu littafin, na ga in na ƙi za a ce bakanike yana tsoron abin da zai faɗa. Da idona buɗe na karɓa."

Ya ce kuma ba a yanke hukunci ba tukuna, sai bayan salla. In ya tsaya a gaban jama'a ya ce rantsuwarsa banza ce, kafin maganar ta kai tasha ta zama rantsuwar ƙarya.

Na ce Baba manzo ne, Ubangiji ya ɗora shi a kanmu, abin da ya ɗaure a nan a ɗaure yake a can. Ya ce, "Ban ce ba manzo ba ne." Ya ɗauki hularsa ya fita.

Alhamis, 2 ga Agusta, da hantsi

Allura ta karye. Ta ƙarshe ce.

Asabar, 4 ga Agusta, da yamma

Bose nake tunani. Yau da tana nan da ta isa ta zura mini zare.

Lokacin da ƙyanda ta ɗauke ta, damina ce kamar wannan. Ba mu da kowa a garin nan, Abuja ma ake ce masa lokacin ba Suleja ba. Mijina ya kasa tashi daga ƙasa. Baba ne ya tuɓe babbar rigarsa ya naɗe Bose a ciki, ya ɗauke ta a kafaɗa cikin ruwa har maƙabarta, ya shiga ramin da kansa. Da ya fito ya kama hannuna da hannunsa mai laka ya ce, "'Yata, tana wurin da babu zazzaɓi. Ki tsaya a cikin garke, za ki gan ta." Da wannan maganar na tashi washegari na hura wuta. Da ita nake tashi har yau.

In mijina ya mutu a wajen garke fa? Yana shiga ƙarƙashin mota kullum, jak ɗayan da ke ɗage motar ne tsakaninsa da lahira. Me zan ce wa Bose in ta tambaye ni babanta?

Lahadi, 5 ga Agusta, da rana

Yau ma ƙarƙashin mangwaro.

Talata, 7 ga Agusta, da la'asar

Sista Nwamaka ta zo. Ba ta shigo ba sai da ta leƙa ta tabbatar ba ya nan. Na ba ta ruwa, ta dubi kofin ta ce wane ne yake sha da shi. Na canza mata.

Ita ce shugabar mata. Mijinta bai dawo daga yaƙin basasa ba, ita kaɗai ta dawo, Baba ne ya karɓo mata shagonta. Ba muguwa ba ce. Ta ce dattawa suna magana, wai bai kamata bakin da ke juya maganar Manzo ya riƙa kwana a ƙarƙashin rufi ɗaya da taurin kai ba. Wai akwai ɗaki a gidan Baba in ina so in koma har abin ya wuce. Ta ce, "Sista Funke, ni na rasa miji ban mutu ba. Amma da na rasa ikilisiya da ban kai yau ba."

Da za ta tafi ta karɓi zanenta da ban gama kalmasa ba, ta ce za ta ƙarasa da hannu.

Alhamis, 9 ga Agusta, da azahar

Na je wurin Baba. Na same shi a kan tabarma a bayan majami'a, ya rame, leɓensa ya bushe. Ashe tun ranar hukuncin ruwa kawai yake sha sai rana ta faɗi.

Na durƙusa na ce, "Baba, a sassauta kalmar. Bari ya ce ya saɓa wa dokar ikilisiya, ya tuba. Wannan zai faɗa, na sani. A cire 'a banza' kawai."

Ya ce, "Da hannuna na nutsar da Bamidele a rafin Iku ranar baftismarsa. Duk ikilisiyar nan babu wanda nake so kamarsa, kin sani, kowa ya sani. To in na sassauta wa wanda nake so, gobe me zan ce wa wanda ba na so? Ikon nan ba nawa ba ne da zan rage shi."

Na ce, "Baba, gaskiya ya faɗa."

Ya ce, "Na sani. Gaskiyar ta isa ita kaɗai. Shi ne ya ga ba ta isa ba, ya ɗauko Sunan ya buga a kai kamar hatimin ofis don alƙali ya yarda. Sunan ba ma'aikacin kotu ba ne, 'yata. Duk abin da aka kira shi ya yi wanda bai aiko a kira shi ba, banza ne, ko da a kan gaskiya."

In ina gabansa shi ke da gaskiya. In na dawo gida na ga mijina yana wanke ƙafa a bakin rijiya, shi ke da gaskiya.

Da zan tashi ya ce irin wannan ba ya fita sai da addu'a da azumi. Bai ce in yi ba. Bai ce ba.

Juma'a, 10 ga Agusta, da magariba

Na fara. Ruwa kaɗai.

Asabar, 11 ga Agusta, da yamma

Yau ake jefa ƙuri'a, garin ya yi tsit. Ban je ba. Shi ma bai je ba.

Da aka sha ruwa Mairama ta miƙo kunun tsamiya da ƙosai ta kan katanga kamar yadda take yi tun da aka fara azumi. Ta ce, "Maman Bose, naki ne wannan, na sa sukari da yawa." Na karɓa na ajiye masa. Ya dube ni ya dubi kwanon. Ya ce, "Me kika ci yau?" Na ce ina addu'a. Ya ce, "A kaina?" Na tashi na shiga ɗaki.

Bai sha kunun ba. Da safe zan zubar.

Litinin, 13 ga Agusta, da hantsi

Kaina yana juyawa in na taka keke. Na ɗinka hannun rigar yaron Mairama a baibai, na warware.

Ubangiji, ka karya shi. A'a. Ka tausasa shi. Ban san abin da nake roƙo ba.

Talata, 14 ga Agusta, da la'asar

Ya sayo burodi da madarar gwangwani ya ajiye a kan keken. Ya ce, "Ba tare za mu ci ba. Zan fita. Ki ci ke kaɗai, babu dokar da kika karya." Ya fita. Ya dawo ya same su yadda ya bar su.

Laraba, 15 ga Agusta, da safe

Na yi mafarkin Bose tana bakin rafi, tana kallon bayana, ba ni take kallo ba.

Juma'a, 17 ga Agusta, da yamma

Jiya ban rubuta ba. An ce Mairama ce ta ji faɗuwata ta katanga, ta zagayo ba ko mayafi. Na farka kaina a cinyarta, tana ɗura mini ruwan sukari da cokali tana salati, ita da ke da azumi a baki. Goshina ya fashe a ƙarfen keke. Aka aika gareji.

Ya shigo da kayan aiki, ya tsuguna a gabana, ya daɗe yana kallona. Ya ce da Yarabanci, don kada Mairama ta ji, "Sai kin bi Bose za ki huta? In binne biyu?"

Na ce ba ni nake riƙe da abin ba.

Ya ce, "Haka ne."

Ya tashi ya wanke hannu da fuska, ya canza riga, ya fita. Bai faɗi inda za shi ba. Da ya dawo ya ce, "Ranar Lahadi. Yanzu ki ci." Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo har na shanye kokon.

Na yi godiya ga Ubangiji. Na yi. Ban san me ya sa nake maimaitawa ba.

Lahadi, 19 ga Agusta, da la'asar

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mutanen da ke wucewa kasuwa suka fake a ƙarƙashin rufinmu, suka cika tagogi, har da 'yan kamasho biyu na tasha da na sani. Sista Nwamaka ta ce ko wata ta tsaya a madadina tunda ban warke ba. Baba ya ce a'a, bakin da ya sanar da ɗauri shi zai sanar da kwancewa.

Mijina ya shigo ba takalmi, ya durƙusa a gaba. Baba ya faɗa masa kalmomin, ya maimaita da Yarabanci, murya ƙasa ƙasa, ruwa yana dukan kwano, ko na layin farko ba su ji sosai ba. Daga nan Baba ya juyo ya dube ni.

Ina da lokaci. Ba zan ce ba ni da shi ba. Zan iya cewa ya saɓa wa doka ya tuba. Hausar Baba ta gaisuwa da ciniki ce, ba zai gane ba. Mijina ya ɗago kai ya dube ni. Tun ɗazu nake ƙoƙarin in gane abin da ke cikin kallon nan, na kasa.

Amma a gaban bagaden Ubangiji nake, ba takalmi. Ban taɓa canza maganar Manzo ba. In na rage, ga wa na yi ƙarya?

Na ɗaga murya saboda ruwan. Na ce, "Ni Bamidele, na ambaci Sunan Ubangiji a banza a gaban kotu. Na tuba."

Aka ɗauki Halleluya. Mata suna kuka, ana tafi. Baba ya rungume shi yana hawaye na gaske, ya ba shi gurasa da hannunsa. Da na waiga tagar babu 'yan kamashon.

Mun ci tuwo a kwano ɗaya. Na ce ya sa albarka. Ya ce, "Ke sa."

Talata, 21 ga Agusta, da safe

A famfo wata ta ce wa wata, ba ta gan ni ba, "Kin ji Bayaraben gareji ya tona kansa a cocinsu? Ashe rantsuwar ƙarya ya yi wa Datti. Matarsa ma ce ta faɗa da Hausa kowa ya ji."

Na bar bokitin a layi.

Laraba, 22 ga Agusta, da yamma

Ya je Minna ya ga lauya. Ya dawo. Na ce yaya. Ya ce hanya ta lalace.

Na gama kayan yaran, na miƙa ta katanga. Babbar ce ta karɓa.

Juma'a, 24 ga Agusta, da azahar

Salla. Tuwon shinkafa da miyar taushe sun zo kamar kowace shekara, har da naman kaza. Mairama ba ta leƙo ba. Rigar yaron ta yi masa daidai.

Lahadi, 26 ga Agusta, da rana

An mayar masa da kujerarsa a layin dattawa. Yana durƙusawa in an durƙusa, yana tashi in an tashi. Da aka zo wurin da dukanmu muke kiran Sunan sau uku, na saci kallonsa. Bakinsa a rufe.

Baba ya yi wa'azi a kan mace mai biyayya wadda ta ceci gidanta da gwiwoyinta. Ya kira sunana. Ni na juya.

Litinin, 27 ga Agusta, da hantsi

Sammaci ya zo. An ce ya koma kotu ranar Alhamis.

Alhamis, 30 ga Agusta, da magariba

Ya dawo ya zauna a kan turmi. Ban tambaya ba, shi ya fara, yana kallon ƙasa, kamar yana ba da labarin wani.

Ya ce an kawo ɗaya daga cikin 'yan kamashon ya faɗi abin da ya ji. Sannan aka kira shi, aka miƙo masa Littafin. Ya ce ba zai rantse ba, ya yi wa Manzo alkawari. Aka yi dariya a bayan ɗakin. Mai gabatar da ƙara ya ce, "Wancan karon ka rantse, yau ka ƙi. Ka faɗa a cocinku cewa rantsuwarka banza ce, ko ba ka faɗa ba?" Ya fara bayani, aka ce i ko a'a. Ya ce i.

An yanke wa Datti shekara biyar.

Ya ce da za a fita da Datti, Datti ya ɗaga masa hannu, irin na sallama a tasha.

Na ce wataƙila da ma haka za a yanke, mutum biyu ne a kan ɗaya. Ya ce, "Wataƙila."

Ana kuka a bayan katanga. Ban je ba. Da wace fuska.

Juma'a, 31 ga Agusta, da safe

Na durƙusa. Na daɗe. Babu abin da ya fito.

Lahadi, 2 ga Satumba, da la'asar

Na gaya wa Baba bayan sujada. Ya rufe fuska da hannu. Ya ce Ubangiji yakan bar mai gaskiya a kurkuku don nufin da ba mu gani ba, za mu sa Datti a addu'a, za a tara wa iyalinsa hatsi. Na ce to, Baba. Ya sa mini hannu a ka.

Talata, 4 ga Satumba, da azahar

Bai je gareji ba jiya, bai je yau ba. Ba ya faɗa, ba ya zagi. Abin da na ba shi yana ci, a kwano ɗaya.

Alhamis, 6 ga Satumba, da yamma

Mairama ta tafi. 'Yan'uwanta sun zo da a-kori-kura daga Madalla, za ta zauna wurin iyayenta.

Kafin a fara loda kaya ta yi sallama ta shigo. Ta rame, idonta ya faɗa. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Maman Bose, tambaya ɗaya na zo yi. Ni ba na jin Yarabanci, waɗanda suka tsaya a taga ma ba sa ji. Abin da kowa ya ji daga bakinki ya fito. Lauya ya ce za a ɗaukaka ƙara. Ya ce in tafinta ta zo ta ce ba haka mai maganar ya faɗa ba, ita ce ta yi kuskure wajen juyawa, ga ciwo a goshinta, ga ruwa yana dukan kwano, to akwai ɗan abin kamawa. Ke da kanki kin san motar tana gareji."

Na ce na sani.

Ta ce, "To abin da ya faɗa ke nan daidai, ko bakinki ne ya zame?"

Ta matso ta kama hannuna. Mijina yana bakin ƙofar ɗaki, yana jin komai. Na ji kamar ana jirana a majami'a.

Na ce, "Abin da ya faɗa ke nan."

Ta saki hannun a hankali. Ta ce, "To. Allah ya bar ki da gaskiyarki."

Muka fito waje tare da sauran maƙwabta. Mijina ya sunkuya ya ɗauki babban akwatin, ta bar shi ya kai mota, har ta nuna masa inda zai ajiye. Na miƙa hannu zan ɗauki tabarma. Ta ce wa 'yarta, "Karɓi, kada mu wahalar da ita."